Daga Wuri Zuwa Waya: Tarihin Dabarun Cin Caca Da Dalilin Da Ya Sa Gida Ba Ya Faɗuwa

 

Maudu'inmu na yau caca ne. Na san wani zai ce me ya haɗa zauren marubuta da caca, alhali kowa ya san hukuncinta. Abin da ya haɗa mu shi ne ɗan caca yana yawan fitowa a labaranmu, amma kusan kullum da fuska ɗaya: jajayen idanu, baƙin leɓe, ya sace sarƙar matarsa, a babin ƙarshe ya haukace ko ya tuba. Ɗan cacan da ke unguwanninmu yau bai yi kama da wannan ba. Ɗalibi ne, ko tela, ko yaron shago, ko ma'aikaci mai albashi, cacarsa tana cikin wayarsa. In ka zauna da shi ba zai ce maka sa'a yake nema ba. Cewa zai yi yana da tsari: ya san yadda ake ninka kuɗi bayan an faɗi, ya san kason da yake zubawa daga jarinsa, ya san lokacin tashi. Marubucin da bai fahimci wannan tsari ba ba zai iya rubuta mutumin ba, matashin da ya karanta labarin kuma zai ce ai ba da shi ake ba. Tsarin nan kuwa ya kusa shekara 300 a duniya. An gwada shi, an kuma san inda yake ƙarewa.

Lokacin da kuɗi da abin caca suke abu guda

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731. Asalin wurin daga tsibiran Maldibis ne da ke tekun Indiya, fatake suka yi ta miƙa shi hannu da hannu har ya iso Kasuwar Kurmi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Wuri 20,000 shi ne keso guda.

Shi wuri yana da baki yana da baya. In ka watsa shi ƙasa, ko ya kife ko ya buɗe baki. Wannan ya sa abin da ake cefane da shi ya zama shi ne abin caca: a watsa 'yan ƙwayoyi, a duba nawa suka kife nawa suka buɗe, a san wanda ya ci. Malamai ba su taɓa sassauta mata ba, domin Alƙur'ani ya haɗa ta da giya a Suratul Baƙara aya ta 219, da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Shi ya sa caca ta zauna a gefe-gefe, bayan gari da lungun kasuwa, sunan ɗan caca kuma ya zama abin da ke hana mutum aure.

Ku riƙe abu ɗaya game da wannan tsohuwar caca. Mutane ne ke zaune suna fuskantar juna, abin da wani ya rasa yana hannun na kusa da shi. Yau ka ci ni, gobe na ci ka.

Zuwan gida

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri, sulalla da anini suka fara maye gurbinsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari, tsabar kuɗi ta yawaita a hannun talaka. Karta da lido suka samu wurin zama. Daga baya cacar ƙwallon Ingila ta shigo, wadda ake cike takarda ana cankar wasannin da za a tashi canjaras. Kamfanin Littlewoods ne ya yi fice da ita a can Ingila tun 1923. Sai kuma injin kalo-kalo, wanda gwamnatin soja ta haramta da doka a 1977. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 shi ma ya tanadi hukunci ga mai buɗe gidan caca.

Sabon abin da wannan zamani ya kawo shi ne gida, wato kamfani ko mai tebur wanda yake karawa da kowane ɗan wasa, kuma shi ne ya rubuta ƙa'idar wasan. Daga nan caca ta tashi daga yau ni gobe kai, ta koma sana'ar da ribarta take a lissafe tun kafin a fara.

Kano ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003. Gwamnatin tarayya kuma ta yi dokar caca ta ƙasa a 2005, kamfanoni suka riƙa karɓar lasisi daga Abuja. NairaBet ya fara a 2009, Bet9ja a 2013. A watan Oktoba 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a Kano, sannan ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa sha'anin caca na jihohi ne, dokar 2005 ba ta hau kansu ba. Sai dai ko an garƙame kowane shago tun daga nan Gwammaja har Ƙofar Ruwa, matashin da ke zaune a dakalin ƙofar gidansu da waya da data bai rasa komai ba. Teburin yana aljihunsa. Abin da ya rage a yi magana da shi a kai shi ne lissafin da yake taƙama da shi.

Inda lissafin ya samo asali

Ilimin lissafin yiwuwar abu, wanda ake koyarwa yau a makarantu, a teburin caca aka haife shi, kuma a kan ɗan lido, ƙwayar nan mai fuska 6. Wani likita ɗan Italiya, Girolamo Cardano, wanda ya rayu daga 1501 zuwa 1576, shi da kansa ɗan caca ne na shekaru masu yawa. Ya rubuta littafi a kan yadda ake ƙirga hanyoyin da ɗan lido zai iya faɗuwa, amma ba a buga shi ba sai 1663.

A Faransa kuma akwai wani ɗan gata mai suna Antoine Gombaud, wanda aka fi sani da de Méré. Ya san cewa in aka yi fare a kan fitowar 6 ko sau ɗaya a jifa 4 na ɗan lido guda, mai cewa za ta fito ya fi rinjaye kaɗan. Gaskiyarsa ne, domin damar ta kai kusan kashi 52 cikin 100. Sai ya auna ya ce, tunda 4 cikin 6 daidai yake da 24 cikin 36, to in aka jefa 'ya'yan lido biyu sau 24, fitowar 6 da 6 a tare ita ma za ta rinjaya. Nan lissafin ya ƙi, domin damar kashi 49 ce da ɗoriya. Ya kai maganar gaban Blaise Pascal, shi kuma Pascal ya yi ta musayar wasiƙu da Pierre de Fermat a 1654 a kan wannan da wata matsalar ta yadda za a raba kuɗin wasan da aka tashi ba a gama ba. Darasin da ya fito shi ne tazarar kashi 2 ko 3 cikin 100, wadda ido ba ya gani a dare ɗaya, ita ce ke raba mai ci da wanda ake ci in aka daɗe ana yi.

A kan wannan 'yar tazara aka gina kowane gidan caca. Mu ɗauki wasan 'ya'yan lido biyu da Amurkawa ke kira kirafs, wanda ya samo asali daga wani tsohon wasan Ingila, ya yaɗu daga birnin New Orleans. 'Ya'yan lido biyu suna da hanyar faɗuwa 36. Jimlar 7 tana da hanya 6, ita ta fi kowacce yawa, 2 da 12 kuwa hanya ɗai-ɗai gare su. A jifan farko, in 7 ko 11 ta fito ka ci, in 2 ko 3 ko 12 ce an ci ka. In wata lamba ce daban, sai a ci gaba da jifa: ta sake fitowa kafin 7 ka ci, 7 ta riga ta an ci ka. In aka tattara duka, ɗan wasa yana da hanya 244 cikin 495, gida yana da 251. Bambancin hanya 7 ne kacal. Ma'ana, a duk naira 1,000 da ta ratsa teburin, gida yana tsammanin kimanin naira 14. Wannan yana cikin mafi sauƙin kason gida a duk wasannin caca, amma da shi da ire-irensa aka gina manyan otal-otal na Las Vegas.

Dabarar ninkawa

Mafi shaharar tsari shi ne wanda Faransawan ƙarni na 18 suka sa wa suna matingel. Ka zuba naira 100. An ci ka, ka zuba 200. An sake, ka zuba 400. Duk lokacin da ka ci, ka mayar da duk asararka har da ribar 100. A baki, babu ta inda za a faɗi.

Giacomo Casanova ya gwada ta a Benis wajen 1754, kuma ya ba da labarin a tarihin rayuwarsa. Da farko ya yi ta ci. Daga baya ta juya masa, ya ƙare ba shi da ko sisi, har ya sayar da lu'ulu'un masoyiyarsa, kuɗinsu ma suka bi sahu.

Ga abin da ya same shi a lissafe. In aka ci ka sau 10 a jere, ka zuba 100, 200, 400, 800, 1,600, 3,200, 6,400, 12,800, 25,600 da 51,200. Jimla naira 102,300, duk a neman ribar 100. A wasan kirafs, faɗuwa 10 a jere tana zuwa kimanin sau ɗaya a zagaye 890. Wato za ka ci 100 sau 889, ka tara 88,900, sannan zagaye ɗaya ya kwashe 102,300. Asarar 13,400 ke nan. Ko ka ce kana da kuɗin zubi na 11, kowane tebur yana da iyakar abin da ake karɓa, kuma mai gidan ne ya sa iyakar.

Abin da ya sa wannan dabara take kama zuciya shi ne tana tara wa mutum ƙananan nasarori masu yawa, ta ɓoye asarar a wuri ɗaya. Mutum zai yi sati uku yana ci kullum, ya gaya wa abokansa, su gani da idonsu, su shiga. Kallon kitse ake yi wa rogo. Sauran tsare-tsaren, irin wanda ake jingina wa d'Alembert na ƙara kaɗan bayan faɗuwa da rage kaɗan bayan ci, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Suna canza lokacin da asarar za ta zo da girmanta, ba sa taɓa kason gida. In kowane zubi asara ne a lissafe, babu yadda za ka jera su jimlarsu ta zama riba.

Ai yanzu dole ta fito

Ƙashin bayan ninkawa shi ne tunanin cewa abin da ya daɗe bai fito ba ya kusa. Labarin da ya fi shahara a kan wannan ya faru ne a gidan cacar Monte Carlo ranar 18 ga Agusta 1913. A faifan nan mai juyawa da ake kira rulet, baƙi ya fito sau 26 a jere. Mutane suka yi ta tula kuɗi a kan ja, kowa na cewa yanzu kam lokacinsa ya yi, aka yi asarar miliyoyi. Faifan bai san abin da ya fito ɗazu ba. Ɗan lido ma haka, ba shi da ƙwaƙwalwa. Ko 6 ta yi awa ɗaya ba ta fito ba, damarta a jifa na gaba tana nan ɗaya cikin 6.

A wannan gidan ne wani Bature ɗan Ingila, Charles Wells, ya ci maƙudan kuɗi a 1891, har sunansa ya cika jaridu, ana ta cewa yana da wani sirri. Daga baya aka ɗaure shi saboda zamba, ya rasu a 1922 cikin talauci.

Tattalin jari

Ɗan cacan da ya waye zai ce shi ba ya ninkawa, tattalin jari yake yi: ya ware kuɗin caca daban, ba ya zuba fiye da kashi 2 cikin 100 a lokaci ɗaya, in ya kai wata iyaka ya tashi. Wannan ya fi ninkawa hankali, amma mu duba abin da yake saya masa. Mai jarin naira 50,000 da ke zuba 1,000 a kowane zagaye, in ya yi zagaye 500, naira 500,000 ce ta ratsa teburin. Gida ba daga jarinka yake cire kasonsa ba, daga abin da ya ratsa teburi yake cirewa, wato kimanin 7,000 a nan. Tattalin ya tsawaita zamansa, tsawon zama kuwa shi gida yake so.

Tun 1657 Christiaan Huygens ɗan ƙasar Holan ya kawo matsalar 'yan wasa biyu da za su yi ta yi har ɗaya ya tsiyace. Amsar da masana suka fitar ita ce, ko da wasan babu kason gida sam, mai 10,000 da ya zauna da mai 990,000 har sai ɗaya ya ƙare, shi za a cinye sau 99 cikin 100. To ina ga an ƙara kason gida a kai?

Masu sayar da dabaru a intanet suna yawan ambaton ƙa'idar Kelly. John Kelly masani ne a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka, a 1956 ya fitar da lissafin kason da ya kamata mutum ya zuba daga jarinsa. A wasan da ake biyan daidai abin da ka zuba, ka ɗebe damar faɗuwa daga damar ci. In damar cinka 55 ce ta faɗuwa 45, ka zuba kashi 10. A kirafs kuwa damar ci 49.3 ce, ta faɗuwa 50.7. Amsar ta faɗa ƙasa da sifiri. Ita kanta ƙa'idar da suke kafa hujja da ita cewa take kada ka zuba ko kwabo. Edward Thorp, wanda ya nuna a littafinsa na 1962 yadda ake samun rinjaye a wani wasan karta, ya yi hakan ne saboda katin da ya fita ba ya dawowa sai an sake cakuɗawa, don haka ana iya ƙirgawa. Ɗan lido kuwa kowane jifa sabo ne.

Wanda yake son ganin ƙarshen zancen ya dubi Archie Karas. Ya shiga Las Vegas a watan Disamba 1992 da dala 50, ya ranci 10,000, zuwa farkon 1995 ya tara kimanin dala miliyan 40. Cikin sati uku ya rasa mafi yawansu, kaso mai tsoka a teburin 'ya'yan lido.

Tikitin ƙwallo

Cacar da ke wayoyin ƙannenmu ta fi kirafs tsada nesa ba kusa ba. A ce abu ne mai fuska biyu daidai wa daida, kamfani ya ba kowace fuska 1.90. Wani ya sa 1,000 nan, wani ya sa 1,000 can. An karɓi 2,000, an biya 1,900, kashi 5 ya zauna a gida. In aka haɗa irin wannan wasa 10 a tikiti ɗaya, kason yana hawa kan kansa har ya kai kimanin kashi 40 cikin 100.

Kun san kukan da aka fi yi: wasa ɗaya ne ya ɓata mini tikiti. Shi ma a lissafe yake. A ce kowane wasa cikin 10 ɗin kana da damar kashi 70 ta canka daidai. Damar dukansu su shigo ba ta kai kashi 3 ba, damar 9 su shigo ɗaya ya ɓata kuwa kashi 12 ce. Saura ƙiris ya fi ci zuwa fiye da sau huɗu. Wannan saura ƙiris ɗin shi ne ke mayar da mutum gobe.

Abin da marubuci zai ɗauka

Wanda ya fi kowa rubuta ɗan caca shi ne Fyodor Dostoevsky na Rasha, domin ciwon a jikinsa yake. Ya yi caca a Wiesbaden ta Jamus a 1863, ya ci, har ya rubuta wa danginsa cewa ya gano sirrin, wai mutum ya riƙe kansa kada ya hasala. Bashi ya kai shi ga sa hannu a wata yarjejeniya da mai buga littattafai Stellovsky: in bai kawo sabon littafi zuwa 1 ga Nuwamba 1866 ba, mutumin zai riƙa buga ayyukansa shekara 9 ba biya. Cikin kwana 26 ya shifta wa wata budurwa mai saurin rubutu, Anna Snitkina, littafin da ya sa wa suna Ɗan Caca. Ya aure ta a 1867, a shekarar kuma ya jinginar da kayanta a Baden-Baden saboda rulet. Bai daina ba sai 1871. Mutumin da ya fi kowa fahimtar tarkon ya ƙara shekara biyar a cikinsa bayan ya rubuta shi. Sani kaɗai ba ya fitar da mutum, kuma labari mai kyau ya kamata ya nuna haka.

Don haka in za ku rubuta ɗan caca, ku bar shi ya fara da ci, domin babu wanda asarar farko take kamawa. Ku ba shi hankali da hujja, har mai karatu ya ji kamar shi ma zai gwada. Ku sa lambobin su zama daidai, saboda masu karatunku da yawa sun san su fiye da ku. Ku nuna daga ina zubi na takwas yake fitowa: kuɗin adashin uwa, kuɗin rajistar makaranta, cinikin maigida da aka ce gobe za a mayar. Garin neman gira a rasa ido, a nan yake faruwa, lokacin da mutum ya daina neman riba ya koma neman abin da zai rufe rami. Ku kuma tuna da waɗanda ba su taɓa zuba ko kwabo ba amma su ke biya, mata da iyaye da abokan da suka ba da rance.

Duk wanda ke da gajeren labari a kan wannan jigo ya kawo shi zaure mu duba tare. Allah Ya kare mana matasanmu, Ya sa wa alƙalumanmu albarka.